Karas ɗin da nake nomawa a gida yana da ɗaci, ina gyaran yake?

Uwar Lambu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota noman lambu. Na kawo muku wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, da fatan waɗanda suka riga ni sanin wannan harka za su haska mini hanya. Shekara uku ke nan a jere ina shuka karas a wani ɗan fili da ke bayan ɗakina, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 2, amma har yau ban ciri wanda ya yi mini daɗi a baki ba. A ido ba shi da makusa sosai, domin ganyen yakan yi kore shar har ya kusa kai mini gwiwa, saiwar ma takan yi launi mai kyau, ko da yake wasu sukan fito da ƙafa biyu ko uku, wasu kuma da gashi-gashi a jikinsu. Wajen ci ne matsalar take. Da zarar na wanke na gatsa, sai in ji wani ɗaci a bayan harshe tare da wani ƙamshi mai hawa kai kamar na sabulu, zaƙin kuwa sai na daɗe ina taunawa kafin in ji ɓurɓushinsa. Yaran da na fara wannan noma dominsu sun daina karɓa idan na miƙa musu, kuma wannan ne ya fi komai ba ni takaici.

Ga yadda nake yi, ko za ku gano inda nake kuskure. Ƙasar wurin tana da ɗan nauyi, takan yi tauri idan ta bushe. Kafin shuka nakan zuba kashin kaji da na kwaso daga akurki a makon, in juya shi da ƙasa. Nakan yi shukar ne idan sanyi ya fara ja da baya, saboda a lokacin nake samun sukuni, don haka karas ɗin cikin zafi yake girma. Ban ruwa kuwa ba ni da tsayayyen tsari, wani mako kullum nake yi, wani makon sai ya yi kwana huɗu ko biyar ban leƙa shi ba. Irin da nake amfani da shi babu sunan komai a jikin takardarsa sai hoton karas. Ina fara cira tun yana kwana 50, domin na ji an ce ƙanana sun fi zaƙi.

Wata maƙwabciyata ta ba ni shawarar in riƙa jiƙa sukari a ruwan da nake ba shi, wani kuma ya ce in ƙara takin zamani. Kafin in gwada ko ɗaya na ga ya dace in tambayi masu sani. Shin akwai abin da ake zuba wa karas ya yi zaƙi, ko kuwa gyaran a wani wuri yake?

Dattijon Lambu ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta bayaninki sau biyu, kuma tun a karon farko idona ya tsaya a inda kika ce karas ɗinki cikin zafi yake girma. A ganina nan ce uwar matsalar, sauran duk 'ya'yanta ne.

Karas shuka ce ta sanyi. Saiwarsa ta fi yin kyau idan yanayi yana tsakanin digiri 16 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ƙasa ta ɗau zafi ta doshi digiri 30, saiwar takan gajarce, ta yi tauri, ɗanɗanonta ya yi kaifi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da rana ganye yana haɗa sukari da taimakon hasken rana, ya tura shi zuwa saiwa, wadda ita ce rumbun shukar. Amma shukar tana numfashi dare da rana, tana ƙona wani kaso na wannan sukari domin ta rayu, kuma da dare babu sabo da ke shigowa ya maye gurbin wanda ya tafi. Idan daren yana da sanyi, abin da ake ƙonawa kaɗan ne, sai ajiyar ta yi ta hauhawa. Idan daren yana da zafi, da yawan abin da aka tara da rana yakan zurare kafin gari ya waye, tamkar mai ɗiban ruwa da hujajjen tulu.

Saboda haka ni ba daga ranar shuka nake fara lissafi ba, daga ranar cira nake farawa in dawo baya. Nakan duba makonnin da suka fi sanyi a shekara, in tabbata makonni huɗu zuwa shida na ƙarshen zaman karas ɗin a ƙasa sun faɗa cikinsu, sannan in ƙirga kwana 70 zuwa 80 baya in tsayar da ranar shuka. Ke kuwa kin juya abin, domin sanyin yana ƙarewa ne a kan tsiron da bai fara ajiya ba, zafi kuma ya riski saiwar daidai lokacin da ta fi bukatar sanyin. A ƙasashen da ake ƙanƙara masu lambu sukan bar karas a ƙasa da gangan har sanyin farko mai daskarar da raɓa ya sauka masa, saboda irin wannan sanyi yana sa shukar ta ƙara tara sukari a jikinta don kare kanta daga daskarewa. Wanda yake zaune inda ba a irin wannan sanyi ba zai samu haka ba, amma zai iya kusantarsa ta hanyar zaɓen lokaci, da kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu uku a kan ƙasar bayan tsiron ya yi ƙwari, domin kada rana ta gasa ta.

Batun sukari a ruwa kuwa ki bar shi, tururuwa kawai za ki gayyato wa lambunki.

Malamar Tsirrai ta amsa:

Ina goyon bayan Baba a kan batun zafi, sai dai zan so in ƙara wani ɓangare da zai fayyace wannan ƙamshin sabulu da aka ambata, kasancewar fannin da na karanta ke nan. 'Yar'uwa, ɗanɗanon karas awo ne tsakanin abubuwa biyu. A gefe ɗaya akwai sukari, a ɗaya gefen kuma akwai wasu sinadarai masu ƙamshi da ake kira tarfin, dangin waɗanda suke ba ɓawon lemo ƙamshinsa. Idan suna nan daidai gwargwado, su ne suke sa karas ya yi ƙamshin karas. Idan kuwa suka yi yawa alhali sukari ya yi kaɗan, sai harshe ya ji su a matsayin kaifi, ko sabulu, ko wani abu mai kama da man goge fenti. Ban da su akwai wani sinadari mai ɗaci na ainihi, sunansa falkarindiyol, wanda shukar take kare kanta da shi daga cututtukan ruɓa, kuma ya fi taruwa a ɓawo da ɓangaren sama kusa da ganye. Wannan ne ya sa idan aka fere karas mai ɗaci aka yanke kansa, ɗacin yakan ragu.

Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne cewa sinadaran ƙamshin suna riga sukari taruwa a cikin saiwa. Karas mai kwana 50 ya riga ya ɗau ƙamshi amma bai gama tara zaƙi ba, don haka maganar cewa ƙanana sun fi zaƙi ba ta inganta ba. Ƙananan karas ɗin nan masu santsi da girma ɗaya da ake sayarwa a leda, yawancinsu manya ne da suka ƙosa, aka yanyanka su aka goge da inji, shi ya sa suke ruɗar mutane.

Na biyu, duk wahalar da shukar ta sha tana bayyana a ɗanɗanonta. Kwana biyar babu ruwa a cikin zafi wahala ce babba: girma yakan tsaya, haɗa sukari ya ragu, kaifin ya ƙaru, kuma idan aka dawo aka malala ruwa a lokaci ɗaya, saiwar takan kumbura da sauri ta tsage. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ruwa mai zurfin santimita 2.5 a mako, wato lita 25 ga kowace murabba'in mita. Filinki mai murabba'in mita 8 yana bukatar kimanin lita 200 a mako, a raba shi sau biyu ko uku yadda zai ratsa ƙasa sosai, a ƙara idan zafi ya tsananta.

Shi kuma sukarin da za a jiƙa a ruwa, saiwa ba ta shan sa daga ƙasa ta ajiye. Ƙananan halittun cikin ƙasa ne za su cinye shi, kuma yayin da suke hayayyafa za su janye wani ɓangare na abincin shukar na ɗan lokaci. Zaƙin karas daga ganyensa yake saukowa, don haka hasken rana na aƙalla awa 6 a yini ya fi duk wani abu da za a zuba masa amfani.

Akwai tambaya ɗaya da zan yi miki, domin ban ga kin taɓo ta ba. Bayan kin ciro karas ɗin, a ina kike ajiye shi, kuma da me yake zama?

Uwar Lambu ta amsa:

Baba, Malama, Allah ya saka muku da alheri, na fahimci abubuwan da ban taɓa kawowa a raina ba. Game da ajiya, nakan zuba shi da ganyensa a babban kwandon da nake tara kayan marmari a kicin, tare da ayaba da tuffa da tumatir, wani lokaci har ya yi mako guda a wurin. Yanzu da kika yi tambayar ma na tuna cewa wanda nake ci a ranar cira bai kai na bayan kwana biyar ɗaci ba, amma ban taɓa danganta hakan da kwandon ba.

Malamar Tsirrai ta amsa:

To, 'yar'uwa, kin gano wani babban kaso na matsalar da kanki, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa. Ayaba da tuffa da tumatir, yayin da suke nuna, suna fitar da wata iska marar launi da ake kira etilin. Idan karas ya zauna cikin wannan iska yakan ƙera wani sinadari mai ɗaci mai suna isokumarin, galibi a ɓawonsa, kuma ɗan kaɗan na iskar ya isa ya jawo haka. Ana iya noma karas mai kyau ta kowace fuska sannan a lalata shi a kwando cikin 'yan kwanaki, ba tare da an ga wata alama a jikinsa ba.

Da zarar kin ciro shi, ki yanke ganyen ki bar kamar santimita 1 ko 2, domin ganyen yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar har ta yi yaushi. Kada ki jefa shi ko ki buga shi da ƙasa wajen kaɗe turɓaya, saboda rauni ma yana tayar da ɗaci. Ajiyar da ta fi dacewa da shi ita ce sanyi kusa da digiri 0 tare da danshi mai yawa, wato a leda mai 'yan hudoji a cikin firji, a ɓangaren da babu 'ya'yan itatuwa. Wanda ba shi da firji zai iya jera shi cikin akwatin yashi mai ɗan danshi, kada ɗaya ya taɓa ɗaya, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan. Idan yanayi bai yi zafi ba, barinsa a ƙasa ana cirar na bukatar ranar shi ma ajiya ce mai kyau.

Mai Ajiyar Iri ya amsa:

Ina gaishe da Baba da Malama, kuma ban ƙi ko ɗaya daga abin da suka faɗa ba, amma da izininsu ina ganin an tsallake farkon magana. Hajiya ta ce irin da take shukawa ba shi da suna, kuma a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawan sukari da yawan sinadaran kaifi gado ne a jikin iri kafin ya zama aikin yanayi. Na sha shuka iri biyu a fangali ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, in ciro su tare, ɗaya ya yi zaƙi garas-garas, ɗayan kuma ya yi lami. Kulawa tana fito da abin da ke cikin iri ne, ba ta saka masa abin da ba shi da shi.

Karas ɗin da aka fara nomawa a tsakiyar Asiya, wajen yankin Afganistan, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, shunayya ne da rawaya. Mai launin ruwan lemo da muka sani ya yaɗu ne daga Holan a ƙarni na 17, kuma tun daga nan masu kiwon iri suke zaɓe, kowa da abin da yake nema. Dangin Nantes, wanda ya samo sunansa daga wani birni a Faransa, shi ne na masu neman ɗanɗano: miƙaƙƙe ne mai dunƙulallen baki, ga taushi, ga ƙaramar zuciya, wato ɓargon da ke tsakiyar saiwar, kuma tun da naman da ke kewaye da zuciyar ya fi ta sukari, ƙanƙantarta riba ce. Aibinsa shi ne saurin karyewa, shi ya sa manyan gonakin da ke cira da inji suna kai kaya nesa suka fi karkata ga dangin Imperator mai tsawo da juriya. Dangin Chantenay gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana jure ƙasa mai nauyi irin wadda Hajiya ta kwatanta. Danvers, wanda aka fitar a Amurka a shekarun 1870, shi ma yana jure ƙasa mai tauri. Ga wanda sanyin wurinsu gajere ne kuwa akwai Kuroda daga Japan, wanda aka san shi da jure zafi fiye da sauran.

Shawarata ita ce Hajiya ta raba filin gida biyu a shuka mai zuwa, rabi Nantes, rabi Kuroda ko Chantenay, harshenta ya yanke hukunci. Ta kuma duba kwanan watan da ke jikin takardar, domin irin karas yakan raunana bayan kamar shekara uku. Idan ta ga wata shuka ta fitar da doguwar sandar fure, ta tuge ta, saboda saiwar irin wannan ta riga ta mayar da ajiyarta ga furen, ba abin da ya rage mata sai tauri da ɗaci.

Dattijon Lambu ya amsa:

Malam, ka yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Abin da kawai zan ce shi ne, na ga Nantes mai kyau ya fito da kaifi saboda an ciro shi a tsakiyar zafi, don haka iri da lokaci tare suke tafiya.

'Yata, saura batun kashin kaji, wanda na jinkirta da gangan. Wannan ganyen da yake kai miki gwiwa ba alamar nasara ba ce. Ɗanyen kashin kaji cike yake da naitirojin, wani sinadari na abincin shuka, shi kuma naitirojin idan ya yi yawa yakan sa shuka ta zuba ƙarfinta a ganye ta manta da saiwa, kuma ɗanyen taki yana daga cikin abin da ke sa saiwa ta rabu ƙafa-ƙafa ta yi gashi. Wanda ya ce ki ƙara takin zamani, idan mai yawan naitirojin ne, zai ƙara miki ganye ne. Ga kuma batun lafiya, domin abin da ake ci ɗanye bai kamata ya girma a cikin ɗanyen kashi ba. Ki tara takin ya ruɓe na wata shida har ya koma kamar baƙar ƙasa marar wari, ko kuma ki zuba shi ga wata shukar mai son taki, kamar kabeji, sannan karas ya biyo bayanta ya ci ragowar. Abin da karas ya fi so shi ne sinadarin fotash, wanda ke taimakawa wajen kai sukari daga ganye zuwa saiwa. Tokar itace tana ba da shi, amma a barbaɗa ta sama-sama, domin tana rage tsamin ƙasa, karas kuwa ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6 da 6.8 a ma'aunin tsamin ƙasa.

Tun da ƙasarki tana da nauyi, ki tayar da kunya mai faɗi, ki sassauta ta zurfin santimita 30, ki tsince duwatsu, ki fasa hoge. Ki shuka irin kai tsaye a zurfin da bai wuce santimita 1 ba, kada ki yi dashe, kuma ki yi haƙuri domin yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, wanda a tsawon wannan lokaci bai kamata saman ƙasar ya bushe ba. Idan tsiron ya kai tsawon yatsa, ki rage shi ki bar tazarar santimita 5 zuwa 7 tsakanin kowane biyu. Na san cire tsiro mai lafiya yana da ciwo, amma cunkoso yana hana kowannensu samun rabonsa na haske da ruwa. Daga baya, idan kafaɗar saiwar ta leƙo waje, ki rufe ta da ƙasa, domin inda rana ta taɓa yakan koma kore ya yi ɗaci.

Uwar Lambu ta amsa:

Baba, na rubuta duka a littafina, kuma tun yau na raba kwandon. Abu ɗaya ya rage mini. Tun da kwana 50 ya yi wuri, kuma na ji an ce idan ya daɗe a ƙasa yana yin itace, ta yaya zan gane ranar da ta dace?

Dattijon Lambu ya amsa:

Adadin kwanakin da ke jikin takarda kintace ne, 'yata, domin sanyi yana jinkirta girma, zafi kuma yana gaggauta shi. Daga kwana 60 ki riƙa share ƙasa a gindin 'yan kaɗan ki duba kafaɗarsu. Idan faɗinta ya kai kamar santimita 2 kuma launin ya cika, ki ciro ɗaya ki ɗanɗana, bayan kwana biyar ki sake ciro wani, kina rubuta abin da kika ji. Za ki lura zaƙin yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, kaifin yana lafawa. Muddin dare yana da sanyi, karas zai iya jiranki makonni bai lalace ba, amma da zarar kin ji zafi ya fara dawowa, ki cire sauran duka kada ki jira su ƙara girma, domin a lokacin ne zuciyar take yin itace. Ki ba filin ruwa da yammacin jajiberin cira don ƙasa ta yi laushi, ki ciro da sassafe tun saiwar tana da sanyinta, sannan ki kai ta inuwa nan take.